Daga Dakar zuwa Ziginshor: Ina Ya Kamata Baƙon Teku Ya Kwanta?

Birnin Dakar ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Nijar. Can cibiyar babban bankin BCEAO take, can kuma ma'aikatan gwamnati ke zuwa taro da ƙarin ilimi. Wanda aiki ko fatauci ya tura gaba zuwa Kazamans, a kudancin Senegal, yana iya shiga mota ya ratsa Gambiya, kuma hanyar ta yi sauƙi tun da aka buɗe gadar Farafenni a watan Janairu na 2019. Duk da haka mutane da dama sun fi son teku, domin babu ƙetare iyaka sau biyu, babu sauke kaya gaban ƴan duwan. Mutum ya kwanta a Dakar, ya wayi gari a ƙasar manja da mangwaro.

Babban jirgin da ke wannan hanya sunansa Aline Sitoé Diatta. A Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a watan Maris na 2008, tsawonsa mita 76, yana ɗaukar mutum wajen 500. Sunan wata mata ƴar Kabrus aka sa masa, wadda ta bijire wa Faransawa a 1942, suka kore ta zuwa Tumbutu, ta rasu can a 1944. Jirgin kan tashi daga Dakar da dare, ya isa Ziginshor da hantsi, bayan tafiyar awa 14 zuwa 16. A cikinsa akwai zauren kujeru, akwai ɗakuna masu gado 2, da masu 4, da masu 8. A gaban mai sayar da tikiti baƙo kan tambayi kuɗi da yawan gadaje, ya manta da tambayar da ta fi su: a wane ɓangare na jirgin ɗakin yake?

Ɗan Sahel wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne kwalekwalen kogin Isa a Yamai bai san abin da ke jiransa ba. Da jirgi ya wuce tsibirin Gore ya fita fili, sai ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafa. Can cikin kunnen ɗan Adam akwai wata gaɓa mai auna daidaiton jiki. Ita tana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana lilo, ido kuwa yana kallon bangon ɗaki yana cewa komai tsaye yake. Wannan saɓani shi ke haifar da jiri, da zufa mai sanyi, da tashin zuciya, daga bisani amai. Ba ragwanci ba ne, kuma bai san darakta ba, bai san masinja ba. Ma'aikacin da ya kwana a haka ba zai iya tsayawa gaban taro da safe ba, ɗan kasuwa kuma zai shiga ciniki da kai mai nauyi.

Jirgi yana motsi iri biyu, kuma duk mai awo a kasuwa zai gane na farko. Sandar sikeli bakinta biyu ne ke hawa da sauka, tsakiyarta inda aka rataye ta kusan ba ta gusawa. Haka jirgi yake idan ya fuskanci igiyar ruwa: goshinsa ya ɗaga sama ya faɗo, bayansa ya bi, tsakiya kuwa tana nan da ɗan motsi kaɗan. Goshi ya fi ko'ina wahala, domin ban da hawa da sauka akwai dukan ruwa a jikin ƙarfe har gari ya waye. Baya ya fi goshi dama, sai dai can inji yake, da rurinsa da karkarwarsa da warin gazuwal, wanda shi kaɗai ya isa ya tada zuciya.

Motsi na biyu shi ne tangaɗi daga dama zuwa hagu. A nan giginya ce misali: iska na kaɗa kanta, gindinta na tsaye. Duk hawan da mutum ya ƙara a benen jirgi, ya ƙara wa kansa faɗin lilo. Abin mamaki, a yawancin jiragen fasinja ɗakunan sama su ne masu tsada, su manya ke nema, alhali mai raunin ciki ya fi samun sauƙi a hawa na ƙasa, kusa da fuskar ruwa. Saboda haka ƙa'idar guda ce: tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa. Matafiyi ya nemi a nuna masa taswirar ɗakuna, ya kuma sayi tikiti da wuri, tun zaɓi bai ƙare ba. Matambayi ba ya ɓata.

Idan ɗakin yana da taga, an ƙara samun alheri, domin kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana sasanta ido da kunne. Da dare kuwa, sa'ad da babu abin gani, kwanciya rigingine da rufe ido sun fi zama bisa kujera, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa gado ko a ɗakin mutum 8 ya cancanci ƙarin kuɗinsa. A ci abinci kaɗan marar maiƙo, a bar karatun takardun aiki sai an sauka. Citta tana taimakon wasu. Ƙwayar maganin jiri da ake sayarwa a farmasi ana shan ta ne kafin jirgi ya tashi, kuma tana sa barci. Wanda tsayuwar salla ta gagara, malamai sun yarda ya yi ta a zaune. Mai tafiya kudu alƙibla tana hannunsa na hagu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da rani iskar arewa ke busawa a wannan gaɓa, mai zuwa Ziginshor tana bayansa, mai komawa Dakar kuwa gaba da gaba zai yi da ita, shi ya sa dawowa takan fi zuwa jijjiga. Da damina hadari kan taso ba sallama.

Babu wanda zai bi wannan hanya bai tuna da jirgin Joola ba. A daren 26 ga Satumba na 2002 ya kife a gaɓar Gambiya, ɗauke da mutane fiye da ninki uku na abin da aka ƙayyade masa. Hukuma ta ƙidaya mamata 1,863, mutum 64 kaɗai suka tsira. Tun daga nan ake tsananta ƙidayar fasinja da duba takardar shaida a tashar Dakar. Don haka wanda ya zaɓi hawa na ƙasa, kafin ya ajiye kansa bisa matashi, ya nemi inda rigar ceto take, ya bi matakala da ƙafarsa har fili, ya san hanyar ko da fitila ta mutu.

Da asuba jirgi ke shiga bakin kogin Kazamans, lilo ya yanke kamar an ɗauke shi da hannu. Ga tsibirin Karaban da tsohuwar majami'arsa, ga itatuwa masu saiwoyi tsaye cikin ruwan gishiri, ga masunta cikin dogayen kwalekwale. Saura kimanin kilomita 70 na ruwa kwance kafin Ziginshor. A sannan ne hawan sama yake da daɗi, kuma masu hawa su more shi su ne waɗanda suka yi barci a ƙasa.