Dogo Ya Bar Gindin Kwando

A 1994 da 1995, lokacin da Hakeem Olajuwon ya ci wa Houston kofin NBA na Amurka sau biyu a jere, mukan taru gaban talabijin ɗaya muna kallo. Darasin da muka ɗauka shi ne, wurin dogo gindin kwando: ya ba abokin karawa baya, ya kare jifa, ya cafke ƙwallon da ta faɗo. Haka muka horar da dogayen yaran unguwarmu. Wanda ya gwada jifan nesa, tsawa yake sha.

To jama'a, kiɗa ya canza. Jifan nesa maki 3 ne, na kusa 2, don haka ƙungiyoyi suka jawo dogo waje. Nikola Jokic, wanda ya ci kofi da Denver a 2023, shi ke rarraba wa abokansa ƙwallo. Joel Embiid, haifaffen Yawunde, gwarzon wannan shekarar, daga nesa ma yana zurawa.

Yaran da muka tsawatar sun girma, tsawo kaɗai gare su. Laifinmu ne. Ƙannensu kam, mu bar su su yi jifa.