Huhu Biyu a Sikotland

Litinin, Edinbara
Malamarmu ta ba kowa halittu biyu masu suna ɗaya ya kwatanta. Ni na sami waɗanda Turawa ke kira ciyawar huhu. Ta farko ma tana nan gindin katangar gidan da nake haya: Pulmonaria officinalis, ganyenta da ɗigo-ɗigon fari, furenta yakan buɗe ja-ja sannan ya rikiɗe shuɗi. 'Yar dangin Boraginaceae ce, ga saiwa, ga iri, ƙudan zuma sai kai-komo suke a kanta. Mai gidan ta ce har cire ta take yi idan ta cika yaɗo.

Talata
Yini na yi a laburare. Masanin halittu Linnaeus ya rubuta su duka biyun a 1753. Mutanen da sun ga sun yi kama da huhu, sai suka riƙa ba masu tari.

Laraba, dajin Taynish
Ruwa bai ɗauke ba tun asuba. A jikin wani tsohon itacen oak na ga ta biyun, Lobaria pulmonaria, faɗinta ya fi tafin hannuna, kore shar, duk ramuka da jijiyoyi kamar huhun rago a faifan mahauci. Na ɗan taɓa gefenta, taushi da sanyi. Wadda ruwa bai kai gare ta ba, ta bushe ƙamas, ta koma ruwan ƙasa. Na daɗe a tsaye, har ruwa ya cika mini takalmi.

Alhamis
Da farko na ɗauka kauci ce irin na gida, ashe ko kusa. Kauci tsiro ne mai fure, yana tsotsar bishiya. Wannan kuwa laiken ce, ba ta cikin tsirrai sam, wurin zama kawai take nema a ɓawo. Jikinta na dangin naman kaza ne, a cikinsa akwai koren gansakuka mai haɗa abinci da hasken rana, da ƙwayar Nostoc mai kamo naitirojin daga iska. Uku ne a gida ɗaya.

Juma'a
Ga abin da ya tsaya mini a rai. Mai furen ana sayar da ita a tukwane, ba ta cikin haɗari. Lobaria kuwa hayaƙin kwal da sare tsofaffin dazuzzuka sun kawar da ita daga yawancin filayen Ingila, kuma ƙasashen Turai da dama sun sa ta cikin jerin halittun da ake fargabar ɓacewarsu. Girmanta a hankali ne, ba ta iya tsallaka gonaki zuwa sabon daji da sauƙi. Shafi ɗaya na rubuta a kan ta farko. Ta biyun ta cinye huɗu, kuma na roƙi malama ta ƙara mini kwana biyu.