Dutsen Cullinan da masu neman a mayar da shi

A shekarar 1905 aka haƙo lu'ulu'un da ake kira Cullinan a wata mahaƙa kusa da Pretoria, a Afirka ta Kudu. Nauyinsa karat 3,106. Gwamnatin yankin, wato Transvaal, ta saye shi, ta miƙa wa Sarki Edward na Bakwai na Ingila kyauta a 1907.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin mai yankan lu'ulu'un da aka kai wa dutsen a Amsterdam, Joseph Asscher. Ya daɗe yana nazarin jijiyoyin dutsen kafin ya taɓa shi, domin lu'ulu'u, duk taurinsa, yana da layin da yake tsagewa. In aka kuskure layin, dukiya ta zama tsakuwa. Ya yi ɗan tsagi, ya kafa wuƙar ƙarfe, ya buga. Wuƙar ce ta fara karyewa. Daga baya aka fitar da manyan duwatsu tara, mafi girmansu yana kan sandar sarautar Ingila har yau.

Bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022, 'yan Afirka ta Kudu da dama suka ce a dawo musu da abinsu. A shekarar ce kuma Jamus ta fara mayar wa Najeriya kayan tagullar Benin, sai dai su da yaƙi aka kwashe su a 1897. Shi Cullinan an ce kyauta ce. To, amma wa ya bayar? Gwamnatin da baƙar fata ba su da ƙuri'a a cikinta. A ganina wannan kyauta ba ta halatta ba.