Daga Kara Zuwa Ɗakin Bincike

Mu nan Potiskum da shanu da tirela aka san mu. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Haɗeja, kasuwa ce ta kawo su, ita ce kuma ta riƙe mu har yau. Shi ya sa idan yaro ya gama sakandare, zancen ba ya wuce biyu: ko dai ya zama likita, ko ya bi mota. To amma fa akwai hanya ta uku, kuma tana da alaƙa da tuwonmu.

Dattawanmu ba su manta da bushiya ba, cutar da ta yi wa garkuna ɓarna a 1983. A 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, albarkacin allurar rigakafi. A ƙasar nan, gidan da aka sani da wannan aiki shi ne Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924. Har yanzu tana sarrafa allurar ciwon huhu da ta harbin daji. Duk san da ya iso kara da ƙoshin lafiya, dillali ya ci la'adarsa, direba ya samu lodi zuwa Kudu, akwai hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba a ciki.

Kuma ba likitocin dabbobi kaɗai ke aiki a irin wurin nan ba. Allura tana lalacewa in ta sha zafi, don haka dole a samu injiniyan da zai kula da wuta da na'urorin sanyi, da ma'aikacin da zai gwada jini, da mai lissafi. Yaron da ya tashi a gareji yana kwance inji yana ɗaurawa, ai ya riga ya fara. A Zariya ma, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken makamashi mai ƙaramar na'urar nukiliya da ta soma aiki a 2004, ana gwada ƙasa da duwatsu da ita.

Ba mu manta da 10 ga Nuwamba, 2014 ba, ranar da aka kashe ɗalibai fiye da 40 a makarantar kimiyya ta garin nan. Allah Ya jiƙansu. Ƙannensu sun koma aji duk da haka, sai mu ma mu yi namu.

Abin da ake nema sananne ne: kiredit biyar, har da lissafi da Turanci da darussan kimiyya, sannan jarrabawar JAMB. Ana karanta likitancin dabbobi a Zariya da Maiduguri, a Vom kuma akwai kwalejin tarayya ta horar da ma'aikatan ɗakin gwaji. Alhazanmu na kara da na tasha, kuɗin lodi ɗaya zai iya biya wa yara da dama kuɗin jarrabawa. Mu sa 'ya'yanmu mata a lissafin. Allah Ya yi musu albarka, amin.