Injin da Baba Ya Bari

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Sabo ta Ibadan, ya san akwai wani abu a kusurwar zaure ta hannun dama, lulluɓe da tsohon tamfol, an ɗora shi a kan katako biyu. Baƙi kan zaci ko injin niƙa ne, wasu kuwa su ce janareto. Mu dai mun san injin motar mahaifinmu ne, Fijo 504, wanda ya zauna a wannan wuri shekara ashirin da biyar cur. Wannan ƙarfe ne ya kusa raba kanmu, ni da 'yan uwana, bayan rasuwar Baba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru, ko wani zai tsinci abin amfani a ciki.

Yaran yanzu ba za su gane matsayin Fijo a ƙasar nan ba sai an yi musu bayani. A Faransa aka fara ƙera 504 cikin 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar mota ta nahiyar Turai. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma a wannan shekarar ce 504 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda ake gwada mota a cikin taɓo da duwatsu. Ba da jimawa ba ta zama motar hukuma, ta zama motar malamin makaranta, ta zama motar haya. Faransawa sun daina yin ƙaramar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har zuwa 2006.

Baba ya sayi tasa, doguwa mai kujeru layi uku, a 1979, bayan ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani. Hanyarsa ɗaya ce: ya yi lodi a Ibadan, ya bi ta Oyo da Ogbomosho da Ilori, ya haye gadar Jabba, ya ratsa Makwa da Tegina da Birnin Gwari, ya sauke a Kaduna. Da wannan zirga-zirga ya biya mana kuɗin makaranta mu shida, ya aurar da 'yan mata uku, ya sauke farali, ya kuma kai Inna. A 1998 wata babbar mota ta murƙushe bayan Fijon a kusa da Makwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma gangar motar ta tashi daga aiki. Baba ya sayar da ita ga masu kayan gyara, ya ce a sauke masa injin a kawo gida, domin in Allah ya hore zai sayi wata gangar ya ɗora. Allah bai nufa ba. Ƙarfinsa ya ja baya, idonsa ya raunana, motocin Kwatano suka cika tasha. Duk da haka, kowane wata yakan yaye tamfol, ya kwance fulogi huɗun nan, ya ɗiga baƙin mai a ramukansu, sannan ya sa sifana ya juya injin zagaye biyu ko uku don kada ya cije. Haka ya yi ta yi har ya kwanta ciwon ajali a 2021.

Bayan an raba sauran gado, injin ne kaɗai ba a taɓa ba, domin na roƙa a bar shi. Aka bar shi shekara biyu. Sai ga ƙanwata ta dawo gida da marayu uku, mijinta ya rasu, ba ta da sana'a sai ɗinki, ba ta kuma da kuɗin kama shago. Zauren nan kuwa yana bakin titi. Ranar wata Juma'a yayanmu ya kira ni, ya ce, "Na yi magana da 'yan gwangwan. Za su zo da sikeli ranar Litinin."

Na ce, "Haba Yaya! Injin Baba za a ɗora a sikeli kamar buhun gawayi?"

Ya ce, "To, kai da ka fi kowa son sa, sau nawa ka juya shi tun da Baba ya rasu?"

Ban iya ba shi amsa ba, domin ko sau ɗaya ban yaye tamfol ɗin ba. A daren nan na kasa barci, na yi ta jera hujjojina. Na ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Irin wannan inji an yi shi ne don a riƙa gyarawa: gangarsa zubin baƙin ƙarfe ce, kuma ramukan da fistin ke kai da komowa a ciki ana iya zare su a sa sababbi, ba sai an jefar da gangar duka ba. Kafireta ce ke ba shi mai, babu na'urar kwamfuta a jikinsa, makanikin gindin bishiya ma zai iya sauke shi ya mayar. Amma kowace hujja na kawo, sai wata ta taso ta kayar da ita. Ina gangar motar da zan ɗora shi? Ina kuɗin sayen ta? Ko da na samu, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashina ba zai iya shayar da injin da girmansa ya kusa lita biyu ba, mai kafireta kuma. Ni da ke hawa acaɓa zuwa wurin aiki, me zan yi da shi?

Can wajen asuba na yarda da abin da na daɗe ina ɓoye wa kaina. Lokacin da nake ɗalibi, Baba ya taɓa kawo mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli har ƙofar ɗakin kwananmu a cikin wannan mota, da ƙurar hanya a jikinta da rubutun tasha a ƙofarta. Na karɓi kayan da sauri, na sallame shi, don kada abokaina su san ɗan direba ne ni. Bai ce mini kome ba, ya tayar da motarsa ya tafi. Ban taɓa neman gafararsa a kan wannan ba. Ashe riƙon da nake yi wa injin nan, bashin da na kasa biyan mai shi ne nake ƙoƙarin biyan ƙarfe, kuma da zauren marayu nake son in biya.

Da safe na tafi wurin Inna na ce, "Inna, ke me kika gani?" Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Mahaifinku bai ajiye shi don a riƙa kallo ba, ya ajiye shi ne don ya koma hanya. In zai tashi, ku ba wanda zai ci abinci da shi. In ya mutu, ku bar shi ya tafi. Kuma ka tuna ba naka ne kai kaɗai ba, ina da tumunina a ciki, 'yan uwanka mata ma suna da rabonsu." Wannan magana ta ƙarshe ta fi kowace shiga jikina, domin ni da nake ganin ina kare amanar Baba, ashe haƙƙin magada na danne shekara biyu.

Na roƙi Yaya ya ɗaga mini ƙafa mako guda. Muka yi hayar amalanke, ƙarti huɗu suka ciccibi injin da ƙyar, aka kai shi garejin tsohon makanikin Baba, wani dattijo Bayarabe da ke jin Hausa kamar jakin Kano. Da ya gan shi sai ya cire hularsa, ya dafa shi, ya ce, "Injin Alhaji ke nan." Ya sa sifana, ya danna da ƙarfi, sai ga shi ya juya. Ya dube ni ya ce, "Yaro, man da babanka ya riƙa zubawa ne ya cece shi." Kwana uku yaransa suna wanke kafireta, suka canza fulogi da kwantak da baƙin mai. A rana ta huɗu aka ɗaure shi a ƙasa, aka jona batir, aka ba shi fetur daga gora. Ya yi tari sau biyu, ya fesa hayaƙi, sannan ya kama. Da yake babu salansa, ƙararsa ta cika garejin har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na koma bayan wata mota na tsuguna, domin wannan ce ƙarar da muke ji tun daga nesa muna yara, mu ruga mu buɗe ƙofa.

Dattijon ne ya samo mai saye, wani mai akori-kura 504 da ke ɗauko doya daga yankin Shaki zuwa kasuwar Bodija, wanda injinsa ya buga, ya yi wata biyu a zaune ba aiki. Abin da ya biya ya ninka tayin 'yan gwangwan, wanda da ƙyar zai sayi buhun shinkafa guda. Aka cire kuɗin gyara, liman ya raba sauran yadda shari'a ta tanada. Ni da Yaya muka haɗa namu muka sayi siminti da fenti, aka gyara zauren.

Ba na ruɗin kaina. Na san mai doya zai yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, kuma wata rana, kusa ko nesa, injin nan zai hau sikelin da na hana shi hawa. Gangarsa za ta narke ta zama rodin gini, kansa na alminiyam wataƙila ya zama tukunyar wata mata a Shaki, inda maƙera suka shahara da zubin tukwane. Wani lokaci nakan ji zafin haka, in ce da na sani na nemi wani lungu na ajiye shi. Amma idan na shiga zaure na tarar da keken ɗinkin ƙanwata yana aiki a daidai inda katakon nan biyu suke a da, 'ya'yanta kuma sun dawo daga makaranta suna cin abinci a gefenta, sai zuciyata ta kwanta.

Sifanar dai tana wurina, da yardar sauran magada. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini abin da na yi masa, ya kuma jiƙan dukkan iyayenmu da suka ƙarar da ƙarfinsu a kan hanya domin mu zauna a aji. Amin.