Grace Bumbry, zabiyar da ta gaji da zama kishiya

Cikin watan Yuli na shekarar 1961, a wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus mai suna Bayreuth (kada mai karatu ya ɗauke shi Bairut ta ƙasar Labanan), wata baƙar mace mai shekara 24 ta hau dandamali ta yi waƙa. Da aka saki labule, jama'ar da ke cikin zauren suka ƙi tashi. Tafi ya kai rabin awa bai yanke ba, har sau 42 mawaƙan suna fitowa gaban labule suna sunkuyar da kai. Sunan matar Grace Bumbry, ɗiyar wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga Amurka. Kafin wannan dare babu baƙar fatar da ta taɓa yin waƙa a gidan.

Gidan kuwa ba kamar sauran gidajen wasa ba ne. Richard Wagner, babban mai tsara kiɗa na Jamusawa, shi ya gina shi, ya buɗe shi a 1876, kuma kusan ba a yin kiɗan kowa a ciki sai nasa. Wagner mutum ne da ya rubuta ƙiyayyar Yahudawa da hannunsa. Bayan mutuwarsa, matar ɗansa Winifred ta zama aminiyar Hitler, shi kuma ya mai da Bayreuth wurin ziyararsa. Da aka ci Jamus da yaƙi, gidan ya zauna a rufe har 1951, lokacin da jikokin Wagner biyu, Wieland da Wolfgang, suka sake buɗe shi. Saboda haka ranar da labari ya fita cewa Wieland ya zaɓi baƙar mace ta fito a matsayin Venus, gunkiyar soyayya da kyau ta mutanen da, cikin wasan Tannhäuser, sai wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuba. Shekara 16 kacal ke nan da ƙarewar yaƙi, masu tsohon ra'ayi ba su mutu ba, shiru kawai suka yi. Wieland ya amsa musu cewa kakansa launin murya ya rubuta wa kiɗa, bai rubuta wa launin fata ba. Bai sake zaɓinsa ba.

Wannan shi ne labarin da kowa ke bayarwa in an ambaci Grace Bumbry. Amma akwai wani yaƙi na biyu da ta yi, wanda ba a cika yi mata tafi a kansa ba, kuma ba a gane shi sai an san yadda sana'ar take.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Ba a magana, ko gaisuwa da waƙa ake yin ta. Makaɗa tamanin ko fiye suna zaune cikin wani rami gaban dandamali, mawaƙi kuma dole muryarsa ta tsallake su ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe, babu makirfo, babu amsa-kuwwa. Babban gidan opera na Niyok, wanda ake kira Metropolitan, yana ɗaukar mutum wajen 3,800. An kasa muryoyin mata kashi uku. Ta sama, siririya mai haske, ita ce soprano. Ta ƙasa mai kauri ita ce kontralto. Ta tsakiya kuwa ita ce mezzo-soprano, kalmar Italiyanci mai nufin rabin soprano. To, masu tsara opera sun yi wani rabo da ya zama kamar doka: soprano ita ce wadda ake so, ita ce ake kuka dominta, sunanta ne bisa takardar talla. Mezzo kuma ita ce kishiya, ko boka, ko tsohuwa, ko uwar wani. Tana iya fin kowa murya a daren, amma labarin ba nata ba ne.

An haifi Grace Bumbry ranar 4 ga watan Janairu na 1937 a birnin Saint Louis na jihar Misuri. Uwarta malamar makaranta ce. A majami'a ta fara waƙa, kamar yawancin baƙaƙen mawaƙan Amurka, kuma tun tana yarinya ta ji Marian Anderson, babbar zabiyar da aka hana wa wani zauren waƙa a Washinton a 1939 saboda launinta. Tana da shekara 17 ta ci gasar waƙa ta wani gidan rediyon garinsu. Cikin ladan gasar har da bursu na shiga makarantar koyon kiɗa ta Saint Louis. Makarantar ta ce ba ta karɓar baƙaƙe. Shekarar 1954 ce, shekarar da kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin cewa raba ɗalibai bisa launi a makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki. Amma hukuncin kotu daban, halin mutane daban. Kunya ta kama masu gasar, sai suka nema mata fitowa cikin wani shahararren shiri na Arthur Godfrey da ake ji a duk faɗin ƙasar. A can ta rera waƙar gimbiya Eboli ta cikin Don Carlos na Verdi, inda kishiya ke tsine wa kyawun da ya kai ta ga halaka. Ƙofar da aka rufe mata a garinsu ita ta tura ta Boston, daga nan jami'ar Northwestern, inda ta gamu da Lotte Lehmann, tsohuwar mawaƙiyar Jamus da ta bar Turai ta zauna Amurka a 1938. Lehmann ta tafi da ita Santa Barbara ta horar da ita shekaru. A 1958 ta ci gasar matasa ta gidan Metropolitan.

Duk da haka a Turai ta fara cin abincinta. A 1960, shekarar da Nijar da maƙwabtanta suka karɓi mulkin kai daga hannun Faransa, ta fito karon farko a babban gidan opera na Paris, cikin Aida. Wasan labarin wata gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a fadar Fir'auna. A Alƙahira aka fara nuna shi a 1871. Abin dariya a nan shi ne baƙar mawaƙiyar ba ita ce baiwar ba. Muryarta ta sa ta zama Amneris, ɗiyar Fir'auna, uwar ɗakin baiwar kuma kishiyarta, wadda ke da sarauta da dukiya amma jarumin bai son ta. Daga Paris ta samu aiki a Basel ta ƙasar Suwis, daga Basel sai Bayreuth. Ko Venus ɗin da ta ɗaga sunanta, ita ce macen da jarumi ke gudu ya koma wurin wata.

Bayan Bayreuth abubuwa suka zo da sauri. Jacqueline Kennedy ta gayyace ta ta yi waƙa a fadar shugaban Amurka a 1962. Landan a 1963, Metropolitan a 1965, dukansu a matsayin Eboli. A 1966 Herbert von Karajan ya ba ta Carmen a Salzburg, kuma aka mai da wasan fim. Carmen, mai naɗa taba a wata masana'anta ta Sebil, na cikin ƴan wasannin da mezzo ke riƙe da labari, ko da yake da wuƙa ake gama da ita. Kuɗi suka shigo, ita kuma ba ta ɓoye su ba: rigunan alfarma, gwala-gwalai, mota ƙirar Lamborghini. Masu ganin ya kamata baƙar mace ta yi godiya ta sunkuyar da kai ba su ji daɗi ba. Ba ta nemi yardarsu ba.

Tana tsakiyar wannan ɗaukaka, ana lissafa ta cikin manyan mezzo na duniya, sai ta yanke shawarar hawa sama. A 1970 ta fito a Landan a matsayin Salome na Richard Strauss, matsayin soprano mai wuyar gaske, har da rawar da ke cikinsa. A 1971 ta yi Tosca a Metropolitan. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai taki biyu ko uku ne kawai tsakanin muryoyin nan, kuma Bumbry na iya taɓa su tun da can. Haka ne. Sai dai ɗaga buhun gero sau ɗaya daban yake da yini da shi bisa kai. Mezzo takan leƙa sama ta sauko gida. Soprano a can take zaune awa biyu ko uku. Makogwaro tsoka ce, in an matsa mata ba a sayen wata a kasuwa. Mawaƙa da yawa sun gwada wannan hawa suka rasa ta sama, suka juyo suka tarar ta tsakiyar ma ta tsage.

Masu sharhi suka rabu, kuma har ta bar dandamali ba su haɗu ba. Wasu suka ce ta watsar da zinariya ta ɗauki azurfa: a matsayin Amneris da Eboli da wuya a sami wadda ta fi ta, a matsayin Tosca kuwa ɗaya ce cikin masu yawa. Duk wanda ya saurari faya-fayanta na shekarun 1960 zai ji cewa maganarsu ba banza ba ce, domin kaurin nan mai ɗumi na tsakiyar muryarta shi ne abin da babu mai irinsa. Amma akwai abin da suka ƙi dubawa. Macen da aka gaya wa tun tana da shekara 17 cewa ga iyakar inda za ta taka, kuma ta ga ƙaryar wannan magana da idonta, da wuya ta yarda in an sake ce mata ga iyakarki, ko da wannan karon da harshen masana aka faɗa, ko da kuwa akwai gaskiya ciki. Waɗanda suka yi mata tafi don ta ƙi zama inda launi ya ajiye ta, su ne suka ɓata rai da ta ƙi zama inda murya ta ajiye ta. Ita a wurinta hali ɗaya ne.

Abin da ya faru a Landan a 1978 ya isa misali. Wasan Norma na Bellini labarin mata biyu ne da namiji ɗaya: Norma, wadda ta haifa masa ƴaƴa biyu, da Adalgisa, yarinyar da ya koma so. Bumbry ta fara fitowa a matsayin Adalgisa. Cikin wannan shiri dai, a wannan dandamali, bayan ƴan kwanaki, sai ta dawo a matsayin Norma, matsayin da manyan soprano ke jin tsoro. Masu kallo suka ga mace ɗaya ta zauna ɗakin amarya, ta kuma zauna ɗakin uwargida.

Muryar kuwa ba ta mutu ba, abin da masu hasashe ba su zata ba ke nan. A 1985 ta yi Bess lokacin da Metropolitan ya nuna Porgy and Bess karon farko, shekara 50 bayan fitowar wasan. A 1990, da sabon gidan opera na Bastille a Paris ya nuna wasansa na farko, Les Troyens na Berlioz, ita ce Kasandara, ƴar'uwarta baƙar Amurka Shirley Verrett kuma ita ce Didon. Ta kafa ƙungiyar mawaƙa don raya waƙoƙin ibada na baƙaƙen Amurka, irin waɗanda ta tashi da su. A 2009 ƙasarta ta ba ta lambar girma ta Cibiyar Kennedy, Barack Obama na shugaban ƙasa.

Da shekaru suka ja, ta sauko da kanta zuwa matsayin da tun asali aka keɓe wa mezzo. A 2013, tana da shekara 76, ta fito a gidan opera na Viyana a matsayin tsohuwar gimbiya mai sirrin karta cikin wani wasa na Caikobski. A Viyanar ta zauna. Cikin watan Oktoba na 2022 ciwon shanyewar jiki ya same ta cikin jirgin sama, tana kan hanyar Niyok. Ta rasu a Viyana ranar 7 ga watan Mayu na 2023, tana da shekara 86.