Abin da ya fid da ni daga kwaleji

Yau labarin kaina zan ba ku.

A shekarar 2003 na gama firamare a ƙauyenmu, anka tura ni kwaleji a Dogon Dutsi. Babana ya sai da wake ya ɗinka mini tufafi, ya kai ni gidan mai masauki. Mu biyar ke kwana ɗaki guda, uku manya ne ƴan aji huɗu. Tun daren farko sunka raɗa mini suna Baƙauye. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke yi musu wanki. Gari da ƙuli-ƙulin da inna ke aiko mini ranar kasuwa, ba ni ke ci ba. Dala 20 ta abincin rana ma sai su ƙwace. Ran da na ce zan gaya wa mushe, sunka rufe ƙofa sunka yi mini duka. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Wata huɗu na daure, sannan na gudu gida. Na ce wa babana boko ya fi ƙarfina. Bai tambaye ni komi ba, ya ce gobe in bi shi lambu. Ban ga laifinsa ba, ni ne na ɓoye.

Bara, a ajinmu na yaƙi da jahilci, wani makiyayi ya ce mini ɗansa ya komo daga kwaleji wajen Tibiri, wai ba ya son karatu. Gabana ya faɗi. Na iske yaron bakin rijiya. Ban ce masa don mi ka gudo ba. Na ce, wa ke cin abincinka? Sai hawaye. Ashe kwaikwayon Hausarsa suke yi a aji, suna yi masa kukan shanu, har ya daina buɗe baki ko ya san amsa.

Munka tafi ni da ubansa munka ga darakta da shugaban kwamitin iyaye. Anka kira yaran da iyayensu, anka sake masa masauki. Bana yana aji biyu. Ranar Asabar yakan zo ya duba wa ubansa rubutun da na ba shi.